Jakar tamfol da aka ɗinka min a Wudil ta kai kekena Faransa ta dawo da shi

Masu tambayata yadda na kai kekena mai ƙafa ɗaya har Faransa sun yi yawa, kuma tambayar kusan guda ce: nawa kamfanin jirgi ya caje ka kuɗin keken? A jirgin ƙasar waje ko kwabo ban biya ba, zuwa da dawowa, kuma wanda ya jawo min wannan sauƙi wani dattijo ne mai ɗinkin kushin a garin Wudil. Jakar da ya ɗinka min nake so in yi bayaninta, da alherinta da aibinta, domin yaran da nake koya wa hawa sun fara maganar tafiya, kuma gara su san ta inda kuɗi ke zurarewa tun kafin su tara shi.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren ƙauye kan hanyar Gaya, ina kuma taɓa noma da kiwo. Taron da na je sunansa Unicon, shi ne babban taron mahaya keke mai ƙafa ɗaya na duniya, an fara shi a Amurka a 1984, yanzu kuma ana yin sa duk bayan shekara biyu. Na ashirin an shirya shi ne a 2020, korona ta hana, sai aka yi shi a birnin Giranobul na Faransa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agustan 2022. Akwai tseren mita 100, 400 da 800, da na kilomita 10, da gudun dogon zango, da hawan dutse, har da ƙwallon kwando da hoki, duk a kan taya ɗaya. Kowa da kekensa yake zuwa. Kekena mai inci 24 ne, irin da ake tseren fili da shi, kuma doka ta ce faɗin tayarsa kada ya wuce milimita 618, hannun fedar kuma kada ya gaza milimita 125. Ƙafata ta saba da shi, ba na jin zan iya tsere da na aro.

Wanda ya tuna 2022 ya san shekarar ba ta yi wa matafiyi daɗi ba. Tun watan Fabrairu kamfanonin jiragen cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000, a watan Mayu kuma suka yi barazanar ajiye aiki saboda man jirgi ya kai naira 700 lita ɗaya. Kamfanonin waje su ma kuɗinsu ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, suka janye tikiti masu arha daga kasuwarmu. Biza yuro 80 ce a lokacin, ban da kuɗin ofishin da ke karɓar takardu, da inshora, da kuɗin rajistar taron. Bijimin da na yi kiwo na kai shi kara ranar Juma'a, na haɗa da kuɗin riɗi, yayana da ke kasuwanci a birni ya cika min sauran. Tashi daga Legas ya fi tashi daga Kano arha a wancan lokacin, don haka tikiti biyu na yanka: Kano zuwa Legas, sai Legas zuwa Liyon da canjin jirgi a hanya. Daga Liyon zuwa Giranobul tafiyar kamar awa guda ce a bas. Bayan duk wannan, aljihuna ba shi da sauran wurin wani caji.

Ejan ɗin da ya yankar min tikiti a birni shi ya karanto min ƙa'idar kaya. Jaka kada ta wuce kilo 23, sannan in an haɗa tsawonta da faɗinta da kaurinta kada su wuce santimita 158. Nauyi bai dame ni ba, keken bai fi kilo shida ba. Awon girman ne abin tsoro, domin in ka wuce shi kayanka sun shiga sahun manyan kaya, kuma kuɗin da ya karanto min ya haura dala 100 a kowace tafiya, ka biya a zuwa ka sake biya a dawowa. Haka nan in ka ce keke ne ka ɗauko, wasu kamfanonin na da kuɗin kayan wasanni na daban, wanda aka tsara don babban keke mai taya biyu da ake sawa a dogon kwali. Sai na zauna da biro. Taya santimita 62 ta kowane ɓangare, in jaka ta zama 65 da 65, saura 28 ke nan na kauri. Tsakiyar taya da hannuwan feda, in an kwance fedojin, ba su kai haka ba. Ashe zai shiga, in an sami wanda zai ɗinka daidai awo.

Akwai jakar kamfani da ake sayarwa a intanet, na duba, amma kuɗin kawo ta Najeriya ya fi kuɗin jakar. Kwali kuma na ƙi shi saboda damina ce, kaya na iya daɗewa a fili kafin a loda, kuma kwalin da ya sha ruwa ba ya dawowa da kai gida. Mai gyaran kekenmu ne ya ce in je wajen dattijon nan da ke ɗinka kujerun mota da sirdin babur da rumfar adaidaita sahu kusa da tasha.

Shagon ɗan ƙarami ne, keken ɗinki babba guda ɗaya irin na masu takalmi, da tarin soso har rufi, da warin gam. Na gaishe shi na ajiye keken a gabansa. Bai yi dariya ba, bai tambaye ni ina ɗaya tayar take ba, wanda ita ce tambayar da nake sha a kowace kasuwa. Ya sa yaronsa ya kawo sifana, ya ce in kwance shi yadda zan kwance a ranar tafiya. Na cire fedoji, na zare sirdi da sandarsa, na kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da boris, ƙarfen jikin ya rabu da taya. Ya shimfiɗa takardar siminti a ƙasa, ya kwantar da tayar, ya zagaye ta da alli. Daga nan ya ɗora tafin hannunsa a kan hannun fedar da ya ɗago sama ya danna.

Ya ce, "Malam, nan ne zai huda maka jaka. In an jefa ta, a kan wannan ƙarfen za ta sauka."

Na ce, "Baba, ni dai lambar nan ta 158 nake tsoro. In ta wuce ko da yatsa ɗaya ne, kuɗin da za su karɓa ya fi kuɗin jakar sau da yawa."

Ya ce, "To awon waje suke yi ko na ciki?"

Na ce na waje. Ya ce in haka ne soson da zai sa dole ya zama siriri mai tauri, mai kauri zai cinye awon. Wannan tambayar ita ta sa na saki jiki da shi. Tela da yawa za su auna maka ciki, su lafta soso, su ba ka jaka mai kyau wadda ta fi ƙarfin doka.

Abin da ya ɗinka murabba'i ne mai lanƙwasassun kusurwoyi, da tamfol mai kauri irin na rufin tirela, launin shuɗi. Tsakanin tamfol da shafin ciki ya sa soso siriri, a gefuna biyu masu faɗi kuma ya bar aljihu da ake zura yankakken kwalin firij, in ya lalace ka zare ka sa wani. A daidai inda hannuwan feda ke taɓawa ya yanka tafin tsohon silifas ya ɗinke shi ta ciki, ninki biyu. Maɗaurai da mariƙai duk da bel ɗin kujerar mota ya yi su, irin wanda ake cirowa daga motocin da suka mutu, kuma bai tsaya ya liƙa su a baki ba, ya zagaya da su ƙarƙashin jakar gaba ɗaya, yadda in ka ɗaga, bel ɗin ne ke ɗauke da nauyin, ɗinkin yana hutawa. A ciki akwai igiyoyi uku da ke kama tayar don kada ta yi yawo, da dogon aljihu na ƙarfen jiki, da ƙarami na fedoji da sifana. Zif ɗin ya zagaye gefe uku, jakar tana buɗewa ta kwanta biyu. Da ya gama muka cika ta muka auna da tef ɗinsa: 65, 65, 26. Jimilla 156.

Kuɗin tamfol da soso da bel da aikin hannu duka naira 14,000 na biya a wancan lokacin. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na cajin manyan kaya na tafiya guda ba, in da canjin kasuwa ka lissafa.

Sai dai ya ɓata min lokaci. Ya ce mako guda, ya zama kusan uku, kuma kowane zuwa daga ƙauyenmu kuɗin mota ne. Aikin kujerun motocin haya shi ne cinikinsa na kullum, direba yana tsaye a kansa yana jira, don haka aikin da mai shi ya tafi gida shi ake turawa gobe. Wanda ke da ranar tashi a hannu ya kai aikinsa da wata biyu a gaba.

Yadda nake shirya ta shi ne in rage iskar taya sosai, domin kamfanoni na neman haka, kuma tayar da ta saki tana ba da ɗan sarari. Fedoji a duba harafin da ke jikinsu, na hagu zarensa a juye yake, ana kwance shi ta inda ake ɗaure na dama. Wajen mayarwa kuma a tabbata hannun hagu yana hagun mahayi, domin in aka juya tayar fedojin za su riƙa kwance kansu ana cikin tafiya, su cinye zaren. Ƙusoshin boris nakan mayar da su ramukansu in ɗaure sama-sama don kada su ɓace. Sirdi ina naɗe shi cikin tawul. Sauran sararin da ke tsakanin wayoyin taya da kusurwoyi da tufafi nake cika shi, kayan wasanni da safa da rigar sanyi, su suke zama matashi. Sifana da alanki da famfo dole su bi wannan jakar, ba a barin su a jakar hannu. Da komai da komai ta tsaya a kilo 17 a sikelin mai awon hatsi na garinmu, sikelin filin jirgi ma kusan abin da ya nuna ke nan.

A filin jirgin Malam Aminu Kano aka fara gwada ta. Jami'an bincike suka ga da'ira a na'ura suka ce a buɗe. Na zuge zif, jakar ta kwanta biyu, komai na ɗaure a wurinsa, suka duba suka ce in rufe. Ban fitar da ko safa ɗaya ba. Wanda ya taɓa zazzage Gana-mas-go a gaban layi ya san darajar wannan. A kantar karɓar kaya ne aka ɗan ja. Ma'aikaciyar ta hango tayar lokacin bincike, ta ce keke ne, akwai kuɗinsa daban. Na ce, "Hajiya, don Allah a auna ta. In ta wuce abin da tikitina ya ba ni, zan biya." Ta kira wani babba, ya zo ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya dubi sikeli, ya ce a wuce da ita a matsayin jaka. Inda na biya kuɗi shi ne kan nauyi, domin tikitin ƙasar waje ya ba ni jaka biyu, na cikin gida kuwa kilo ƙalilan ya ba ni gaba ɗaya, sai ƙaramar akwatina ta zama ƙari, aka caje ni kilo-kilo. Wannan ba laifin jaka ba ne, amma duk mai yanka tikiti biyu daban ya sani cewa kowanne da dokar kayansa, kuma ƙaramar dokar ce za ta ci kuɗinsa. A Legas, wajen jirgin ƙasar waje, ba wanda ya ce min komai. Aka ɗora a sikeli, aka liƙa takarda, ta bi bel ta tafi.

Abin da na fi so a sani game da wannan jaka shi ne ba ta kama da kayan keke. Mai kallo zai ɗauka ganga ce ko wani kayan kiɗa. Ban ce a yi ƙarya ba, in an tambaye ni ina faɗin abin da ke ciki, kuma na faɗa a Kano. Amma jakar da ta cika awo, tana da mariƙi, ba abin da ya leƙo waje, ba ta jawo tambaya tun farko, kuma in an ja, tef da sikeli suna bayanka.

Yanzu aibinta. Na farko zif. Baba ya sa na roba mai manyan haƙora, ya ce shi ne mafi kyau da ke hannunsa, amma a dawowa kan zif ɗin ya tsinke a kusurwa, inda yake lanƙwasa. Abin da ya cece ni shi ne maɗaurai biyun da suka zagaye jakar ta waje, su suka riƙe ta har Kano. Wanda zai ɗinka ya sayo zif ɗin ƙarfe da kansa daga birni ya kai masa, mai kai biyu, yadda za a iya sa ɗan kwado. Na biyu, ba ta da tayoyin ja. A Legas ɓangaren jiragen cikin gida da na waje ba a haɗe suke ba, sai ka fita ka nemi mota, kuma a Faransa akwai tafiyar ƙasa tsakanin bas da taragon cikin gari da masauki. Bel ɗin mota yana da ƙarfi amma ba shi da tausayi, ya ci min kafaɗa har ta yi ja. Da ya sa soso a maratayin, ko ya yi mata maratayi biyu na goyo, da an huta. Na uku, tamfol ba ya numfashi. Tufafin da suka kwana a ciki sun ɗauki warin roba da gam, sai da na wanke su kafin in sa. A sa tufafi cikin leda, a kuma bar sabuwar jaka a buɗe a inuwa na wasu kwanaki kafin tafiya.

Wajen kariya kuwa, wanda shi ne ainihin aikinta, ban da abin cewa sai godiya. Na ga yadda ake jefa kaya ta tagar jirgi, na ga tawa ta sauka ta gefe, wata babbar akwati ta bi ta danne. Da na buɗe a masauki, kwalin gefe ɗaya ya karye, tafin silifas ɗin ya lotsa har ya ɗauki siffar ƙarfen, amma tamfol bai huje ba. Na ɗaga tayar na juya ta ina kallon bakinta a jikin ƙarfe, ba ta karkace ba, waya ko ɗaya ba ta saki ba. Wani mahayi da muka sauka masauki ɗaya ya zo da nasa cikin jaka marar komai a gefe, hannun fedarsa ya huda ta ya fito, kuma sai da ya nemi mai gyara ya miƙe masa taya kafin ranar tserensa. A wajensa na ji abin da ya kamata kowa ya riƙe: in kayanka sun lalace a jirgin sama na ƙasa da ƙasa, ka kai ƙara teburin kaya kafin ka bar filin jirgi a rubuta maka takarda, kuma yarjejeniyar sufurin jiragen sama ta Montiriyal ta 1999 kwana bakwai ta ba ka ka shigar da ƙorafi a rubuce. In ka wuce, ka yi asara.

A Giranobul na ga dabaru iri-iri. Turawan da ke kusa, a motocinsu suka zo, kekuna biyar shida a but, ba ruwansu da awo. Waɗanda suka taso daga Japan da Koriya da Amurka su ne 'yan uwana a wannan damuwa. Wasu sun sa masu inci 20 cikin akwatin tafiya na kowa da kowa, tunda tayar kusan santimita 50 ce. Wasu sun haɗa kekuna biyu a jaka ɗaya, sun kwance har hannuwan feda. Da yawa sun tsaya sun shafa tawa suna tambayar kamfanin da ya yi ta, in ce musu wani dattijo ne a garinmu, su ɗauki hoto. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne aljihun kwalin nan da ake canzawa, domin a dawowa kwali na roƙa a wani kanti na yanka na zura, jakar ta koma yadda take.

Dabarar tana da iyaka, kuma kada wani ya je ya matsa wa Baba ya yi abin da lissafi bai yarda ba. Mai inci 29 tayarsa kusan santimita 74 ce, biyunta 148, saura 10 kacal na kauri, ba zai yiwu ba sai ka cire tayar roba daga ƙarfenta ka naɗe ta daban, sannan ƙarfen ya dawo wajen 64. Mai inci 36 kuwa, wanda ake gudun dogon zango da shi, ya haura santimita 90, tsawo da faɗi kaɗai sun wuce 158. Mai irin wannan ya sa kuɗin manyan kaya cikin lissafinsa tun farko, ya kuma kira kamfanin ya sanar da su kafin ranar tafiya. Jakarsa dai za ta kare masa keke, amma ba za ta kare masa aljihu ba.

Farashin da na ambata duk na 2022 ne. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 komai ya tashi, tamfol da soso da tikiti, biza ma ta koma yuro 90 daga Yunin 2024. Taron da ya biyo baya a jihar Minesota ta Amurka aka yi shi a 2024, kuma kuɗin zuwa can ya fi ƙarfina. Jakar dai ba ta zauna ba. Da ita nake kai keken makarantu da wuraren wasan Sallah, a ɗaure ta bayan babur ko a jefa ta saman motar kasuwa tare da buhuna, kuma bayan canjin zif ba abin da ta sake nema.

Wanda zai je, ya tafi da keken kansa, kada ya kai awo a takarda, domin Baba sai ya ga abu ya taɓa shi yake yanka. Ya tafi da sifana mai lamba 15 da alanki don ya kwance a gabansa, ya faɗa masa tun farko cewa awon waje ake nufi, ya kuma roƙe shi ya bar santimita biyu ko uku ƙasa da 158, saboda jaka tana kumbura in an cika ta da tufafi. A biya rabin kuɗi, rabi sai an auna tare. Ranar Juma'a kasuwa ce, motoci sun cika masa ƙofa, ba zai saurare ka da kyau ba. Talata ko Laraba da hantsi ya fi.